Ranar da Na Mayar da Saksofon ɗin Aro

Ko zan manta rabin littattafan da na karanta a Alƙahira, ba zan taɓa manta yammacin da na busa saksofon yadda raina yake so, aka karɓe ta daga hannuna ba.

A lokacin ina karatun harhaɗa magunguna, ina zaune a Abbasiya tare da wasu ɗalibai 'yan gida. Ni mutum ne da ko bas ta wuce da ni inda zan sauka, sai in yi shiru in dawo da ƙafa. Wata rana ina duba tsofaffin littattafai a wani shago a Darrasa, mai shagon ya kunna kaset na kiɗan rok an rol na farko-farko. Waƙar ba ta dame ni ba. Amma a tsakiya sai wata saksofon mai kaurin murya, wadda ake kira tena, ta shigo tana gurnani, ta kama sauti ɗaya tana ta dukansa kamar mai buga ƙofar da aka ƙi buɗe masa. Na tsaya da littafi buɗe a hannu har kiɗan ya ƙare.

Daga nan na shiga ajin wani malamin busa a Ma'adi, dattijo Bamisire mai tsari. Da ya ga ba na fashi, sai ya ara mini tsohuwar saksofon ɗinsa in riƙa zuwa da ita gida. Shi sauti mai santsi yake koyarwa, wanda babu ko tsakuwa a ciki. Ni kuwa a gida sai in buɗe durowar kaya, in cusa bakin saksofon cikin riguna don kada in dami abokan zamana masu hadda, in yi ta neman wancan gurnani. Na riƙa sauraren tsofaffin kaɗe-kaɗen a waya ina rage musu gudu, har na gano yadda ake yi: kana hura iska, kana kuma gunji a maƙogwaro lokaci guda. Leɓena ya tsage, muryata ta dishe, amma na same shi.

Ranar da na gwada a gaban malam, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce wannan kukan jaki ne, kuma masu yin sa a da rashin iyawa suke ɓoyewa a bayan hayaniya. Na ce a hankali ai da gangan suke yi. Ko dubana bai yi ba.

"Ya ibni, ranar wasan ƙarshen zango ka busa abin da ke kan takarda. In na ji wannan, khalas, ka ajiye mini kayana."

Ba ni da halin mallakar tawa. In ya karɓe ta, busa ta ƙare mini ke nan.

Ranar ta zo, ɗan zauren ya cika da iyayen ɗalibai. Na hau dandamali da farin kaftanina. Rabin farko na busa shi tsaf, sauti bayan sauti, don ya san ba gazawa ba ce. Da muka iso inda fiyano ke bar mini fili, sai na ja numfashi, na sunkuya, na saki gurnanin. Matar da ke kaɗa fiyano ta yi turus, sannan ta biyo ni da ƙarfi. Wata uwa ta toshe wa 'yarta kunne. Wani tsoho a baya ya shiga buga ƙafa. Ban taɓa jin muryata ta cika ɗaki ba sai ranar.

Bayan an watse, malam ya tsaya a kaina. Na zauna na goge cikin saksofon ɗin da ƙyalle kamar yadda ya koya mini, na kwantar da ita a akwati, na rufe.

"Ka ce ma'alish kawai, ka ba ni haƙuri, in manta," in ji shi.

"Ustaz, na gode da duk abin da ka koya mini. Amma ba kuskure na yi ba."

Ya ɗauki akwatin. Na koma Abbasiya a jirgin ƙasa hannu rabbana, yatsuna suna ta danna ƙarfen da nake riƙe da shi.

Na yi shekaru kafin in sake taɓa saksofon, kuma shekarun nan sun yi mini ciwo. Har yau ina girmama malamin nan, har yau kuma ban yarda da shi ba. Abin da na koya shi ne, kunya ba ta hana mutum tsayawa a kan abin da ya sani. Kuma kada ka nemi gafarar laifin da ba ka yi ba don kawai a bar maka kayan aro.