Ummaru Mai Kemis da Katin Awo

Ummaru ɗan Kafinsoli ne, ɗan fari a gidan wani manomi da ake kira Ɗanmaliki. Shekarar da aka samu mulkin kai aka sa shi firamare a Kankiya, ba don ubansa ya so ba, sai don dagaci ya ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya. Lissafi ya karɓe shi tun daga aji biyu. Daga nan ya wuce sakandare a Katsina, inda ya fara ganin ɗakin gwajin kimiyya, ya kuma ji duk duniya ba inda yake so ya zauna kamar cikinsa. Da ya gama ba a samu hanyar ci gaba ba. Ya dawo gida ya ajiye takardarsa a ƙasan akwatin uwarsa, ya ɗauki fartanya.

Kawunsa Kabo ne ya fitar da shi. Kabo ƙanen mahaifiyarsa ne, mutumin garin Ƙofa, ya shekara goma sha biyu a Kano yana aiki a wani kamfanin haɗa magunguna. Bai yi boko ba, amma ya san lambobi, kuma shi ke auna garin magani ya zuba a tanki. Da ya zo gida sallar layya ya tarar da Ummaru yana ɗaurin dawa, ya ce wa yayarsa wannan yaro ba nan ne wurinsa ba. Ya koma ya yi ta zarya a ƙofar ofishin manaja har aka yarda a ɗauki Ummaru cikin masu koyon aikin gwaji. Ya ba shi ɗakin zaure a gidan da yake haya, matarsa Zinariya kuma ta riƙa zuba masa tuwo tare da 'ya'yanta.

Koyon na shekara uku ne. Wanda ke koya musu wani Ba'indiye ne mai ƙarancin magana, kowa Dakta yake ce masa. Wata biyu na farko wankin kwalabe kawai Ummaru ya yi, Dakta yana ɗaga kowace ɗaya yana dubawa a hasken taga. Sannan aka bar shi ya taɓa ƙaramin sikelin da ke cikin gilashi, wanda ko numfashi aka yi kusa da shi sai ya motsa. Ya koyi yadda ake ɗiga ruwan gwaji ɗigo-ɗigo har launin abin da ke cikin kwalba ya juya, daga nan a san ƙarfin maganin. Ya koyi gwada ƙwaya, a ga ko tana narkewa a kan lokaci. Ran Talata da Alhamis da yamma kuma su tafi aji. Duk ranar da Kabo ya hango shi ta taga cikin farar riga, sai ya taɓo na kusa da shi ya nuna masa.

A shekararsa ta biyu aka sauya awo a ƙasar, aka bar laba da oza aka koma kilo da giram. Kowane magani a kamfanin yana da katinsa, wanda aka rubuta yawan abin da za a zuba. Dakta ya ba Ummaru katunan ya ce ya juya su zuwa sabon awo, don ya fi kowa lissafi. Kati arba'in da wani abu ya yi cikin kwana uku, yana sauri don a yaba masa. A katin ruwan maganin zazzaɓi na yara, wurin da tsohon kati ya ce laba tara, ya manta bai juya ba. Ya rubuta tara ya sa kilo a gabanta, alhali kilo huɗu ya kamata.

Kabo ya auna tara ya zuba. Washegari da safe aka kawo wa Ummaru ɗan kofi daga tankin don ya gwada. Launi ya ƙi juyawa inda ya saba. Ya sake, ya kuma sakewa, duk amsa ɗaya: ƙarfin maganin ya wuce ninki biyu. Ya fita ya duba katin da ke rataye jikin tanki, ya ga tarar da hannunsa ya rubuta. Lokacin an tashi cin abinci, ba kowa a wurin. Ya zare katin ya cusa a aljihu, ya rubuta sabo da huɗu ya rataye, sannan ya je ya gaya wa Dakta abin da gwaji ya nuna. Daga baya ya sha gaya wa kansa cewa tsoro ne, bai yi tunani ba. Amma ya san ya tsaya ya murza sabon katin da yatsa don ya yi kama da wanda aka taɓa.

Ko kwalba ɗaya ba ta fita ba, tankin duka aka zubar. Manaja ya kira Kabo, ya miƙa masa katin ya ce ya karanta. Kabo ya daɗe yana kallonsa, ya matso da shi, ya nesanta.

"Wallahi tara na gani jiya," in ji shi.

Manaja ya ce huɗu ce a rubuce, kuma mutumin da idonsa ba ya raba huɗu da tara ba zai ƙara tsayawa gaban sikeli ba, ya sallame shi daga aiki. Ummaru yana tsaye a bayan Dakta, tsohon katin yana aljihunsa. Ba wanda ya tambaye shi komai, shi ma bai buɗe baki ba. Dakta ma har ya dafa kafaɗarsa a gaban jama'a, ya ce yaron nan ya ceci 'ya'yan mutane.

Da suka koma gida Kabo ya kira Ummaru ya sa masa albarka. Ya ce da ba don shi ba, da yanzu alhakin yara nawa ne a wuyansa. Ya biya masa hayar zauren, ya bar masa tabarma da buta, ya kwashi iyalinsa suka koma Ƙofa. Shekarar fari ce. Gero ya ƙone tun yana gwiwa, Fulanin da ke kawo nono sun yi kudu da abin da ya rage na shanunsu. Zinariya ta sayar da kwanukan jerenta ɗaya bayan ɗaya, Kabo ya shiga leburanci wurin masu gyaran hanya, aka cire manyan 'ya'yansa biyu daga makaranta.

Ummaru ya gama koyo da sakamako mai kyau, aka ba shi takardar shaida, aka riƙe shi aiki. Kuɗin fetur ya shigo, kamfanin ya ƙara injuna, shi ma ya hau har ya zama shi ke sa hannu kafin magani ya fita. Ya auri Sa'a, 'yar Kankiya. Duk kaka yakan aika buhunan hatsi Ƙofa, duk salla ya aika turame. Abin da ya fi ƙi shi ne saƙon godiyar da ke biyo baya, don Kabo ba ya gajiya da gaya wa mutane irin ɗan da Allah ya ba yayarsa. In aka sallami wani ma'aikaci a kamfanin, ko ba ruwansa, sai ya yini bai ci abinci ba. Sa'a ta ɗauka ciwon ciki ne.

Daga ƙarshe ya ajiye aikin, ya ce tsufan mahaifiyarsa ne dalili. Ya buɗe ƙaramin kemis a Kusada kusa da kasuwa. Ƙofa ba nisa, amma sai rasuwa ko suna ke kai shi, ya yi gaisuwa a tsaitsaye ya hau babur.

Wata ranar kasuwa, shekara takwas da faruwar abin, Zinariya ta shigo sayen maganin tari na jikarta. Ta ce ya yi mata zane a jikin murfin inda za ta riƙa tsayawa, don kawunsa ba ya taɓa kwalbar magani ko da yaro zai shiɗe. Tana ɗaure kwalbar a bakin zane tana ba shi labari, ba da wata manufa ba. Ta ce sau biyu masu sayen auduga suna neman Kabo ya tsaya musu a sikeli, don kowa ya san amanarsa, ya ƙi, wai idonsa maci amana ne. Ta ce har gobe in ya idar da salla yana neman gafarar yaran da ya kusa kashewa. Abin da ke ba ta mamaki, in ji ta, shi ke zura mata zare a allura.

Ummaru bai buɗe shago washegari ba. Da hantsi ya isa Ƙofa, aka ce Kabo yana gona. Ya same shi yana huɗar gyaɗa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ƙi tashi. Ya faɗi komai a jere, laba tarar, da aljihun, da murza katin da ya yi. Kabo ya jingina da ƙotar garmarsa yana sauraro. Da Ummaru ya gama, sai Kabo ya ce ya maimaita daga wurin katin, ya maimaita.

"Ashe tara ɗin na gani," in ji Kabo.

"Tara ka gani, Kawu."

"Kana tsaye a wurin."

"Ina tsaye."

Kabo ya kalli gonar har ƙarshenta. Ya ce aikin bai dame shi ba yanzu, abincinsa ne ya ƙare a can. Amma shekara takwas yana kwana yana tashi da zargin kansa, ya hana kansa ko duba lambar buhun taki, kuma duk wannan lokaci yana sa wa Ummaru albarka. Ummaru ya roƙe shi ya yafe masa don Allah.

"Tashi ka tafi, Ummaru. Rana tana yi, ina da aiki."

Kabo bai gaya wa kowa ba sai matarsa, don kada yayarsa ta ji a ƙarshen kwanakinta, kuma har ta rasu ba ta ji ba. Zinariya ta daina shiga shagon, in tana son magani gara ta shiga mota zuwa Kankiya. Buhunan da Ummaru ya aika a kakar nan aka dawo masa da su a kan jaki. Ya rubuta wa kamfanin doguwar wasiƙa yana bayyana gaskiya, amma Dakta ya riga ya koma ƙasarsu, sabon manajan bai san wani Kabo ba, amsa ba ta zo ba. Da lokacin auduga ya zagayo, Ummaru ya ji a bakin mutane cewa kawunsa ya karɓi sikeli a kasuwa, yana kiran lamba da ƙarfi kowa yana ji. Ya je ya tsaya daga nesa ya gan shi, bai ƙarasa ba.

Sun ci gaba da haɗuwa a sha'anin dangi, Ummaru ya gaishe shi, ya amsa ba yabo ba fallasa. Sau ɗaya ya sake neman yafiya, a wajen sunan wani jika. Kabo ya ce masa yana ƙoƙari, ya bar shi tukuna. Shekara uku bayan haka Kabo ya kwanta ciwo da damina, kwana shida ya cika. Ummaru yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Ranar addu'ar uku ya tambayi Zinariya ko marigayin ya ce wani abu a kansa. Ta ce ya yi maganar gona da maganar auren autarsu, ba ta ji ya ambaci sunansa ba, ko da alheri ko da sharri. Ta dai yarda ya sa ƙananan jikokin a makaranta, ya kuma riƙa turo masu noma duk damina. Ya yi hakan shekara da shekaru, yana zuwa da kansa ranar shuka, ya gaishe ta daga bakin zaure, ta amsa daga ciki.