Ranar da Na Hana Goggo Shiga Coci

Jiya a kasuwar Azare na ji warin daddawa, sai na tuna da Goggo, yayar babana da ta raine ni. Kuturta ta cinye mata yatsu, kuma da dungulmin nan take daka daddawar da ta ciyar da ni. In an ƙi karɓar abu daga hannunta, takan ce, "Yesu da ya wanke ni bai ji ƙyama ba."

Ranar aurena na hana ta shiga coci. Ta zauna a waje cikin rana da sabon zanenta. Da muka fito, surukata ta ce, "Wace ce waccan?"

Na ce, "Mai sharar coci ce."

Goggo ta ji. Ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi, ta ce, "Haka ne, Mama. Allah ya ba su zaman lafiya."

Kunya ta hana ni komawa wurinta har ta rasu. A bakin kabarinta na fara tuba ta gaskiya. Ubangiji, ka ba ta hutawa, ni kuma ka yafe mini saboda alherinka, don ban cancanta ba.