Shafin da Ba Ƙugiya

Tafiretar da na koyi aiki a kanta ba ta jin Hausa. Baturiya ce, ba ta da ƙa, ba ta da ɗa, ba ta da ɓa. In ka buga mata ɗaki sai ta ba ka daki, in ka ce ƙafa ta ce kafa. Saboda haka duk mai buga Hausa a Kaduna a shekarun nan na saba'in aiki biyu gare shi: ya buga, sannan ya zare takarda ya bi ta da biro yana yi wa haruffa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin rai, ni kuwa a lokacin haƙuri bai ishe ni ba.

Ina 'yar shekara ashirin, ina zaune gidan yayana a Kawo, ina buga wasiƙun Turanci a wani ofishin gwamnati, waɗanda duk farkonsu ɗaya ƙarshensu ɗaya. Sai matar yayana ta zo da labarin cewa marubuciyar nan ta Malali tana neman mai buga mata aiki. Kowa ya san ta. Mun karanta littafinta a makaranta, kuma in ana wasanta a rediyo matan layinmu har tuwo suke bari ya kama. An kuma san bakinta. Wani babban jami'i ya taɓa tambayarta a bainar jama'a, wai Hajiya wa ke rubuta miki? Ta ce masa wanda ke karanta maka. Sannan ana cewa ta kori masu buga mata aiki har biyu, duk a kan ƙugiya.

Na same ta a kan tabarma ƙarƙashin mangwaro, da faranti kife a cinya tana rubutu a kansa, cikin littafin 'yan makaranta. Guntuwa ce, Basakkwata, shekara ashirin a Kaduna ba su taɓa harshenta ba. Maigidanta tsohon ma'aikaci yana gefe da jarida, ta nuna shi da haɓa ta ce duk littattafanta ya karance su tsaf, har zuwa bango. Shi dai ya yi murmushi ya juya shafi.

"Wata ukku za ni gwada ki, ɗiyata," in ji ta. "In kin iya ki zamna. In ba ki iya ba, ƙohwar da kinka shigo ba ta ƙaura ba."

Daga ranar, da an tashi ofis sai in hau tasi zuwa Malali. Gaskiya ban taɓa son wani aiki kamar wannan ba. A ofis yatsuna ne kawai ke aiki, a gidanta kuwa sai in tsinci kaina ina dariya ni kaɗai a gaban tafireta, wani lokaci in tsaya in ji haushin wani mutum da ita ta ƙirƙira da safe. Tana da tsari: in na gama shafi sai in karanta mata da ƙarfi, ita tana ɓare gyaɗa ido a rufe. Ko waƙafi na tsallake sai ta ɗaga yatsa. Inna nake ce mata, kuma tsoron ranar da za ta ce in tafi bai taɓa barina ba.

Saura kwana kaɗan wata ukun su cika aka gayyace ta jawabi a bikin buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a Hayin Banki. Jawabin shafi biyar ne, na buga, na yi masa ƙugiya kamar mai yi wa amarya lalle. Ranar bikin da safe ta ce a sauya gaisuwar farko, don an ƙara sunayen manya. Na sake buga shafin, ina cikin zare shi mai tasi ya danna mana hon a ƙofa, na ɗora shi a kan sauran muka fita.

An ce ƙarfe goma, manya suka iso sha biyu saura. Matan ajin suna can baya a kan benci, da sabbin fensira a hannu da goyo a baya, zufa na keto musu. Manya suka jeru a gaba, kowa ya tashi sai ya ce ba zai tsawaita ba, sannan ya tsawaita. Wani ya yi alkawarin allo, wani ya yi alkawarin rufi, wani da ya rasa abin alkawari ya yi alkawarin dawowa. Sai da aka kira Inna ta miƙe da takardun, a daidai nan na tuna. Biro bai taɓa shafin farko ba.

Ta gyara mayafi, ta ɗaga takarda, ta yi sallama. Sannan da muryar nan tata mai sanyi ta ce, "Manyan baki, maza da mata, muna maku maraba."

Ba baƙi ta ce ba, baki ta ce, kowa ya ji. Ta ɗan matso da takardar kusa da fuska kamar mai tabbatarwa, ta sake cewa, "I, manyan baki." Sai wata tsohuwa daga benci na ƙarshe ta kasa riƙewa, daga nan bayan zaure ya ɓarke da dariya da shewa. Manyan suka dubi juna, mai alkawarin rufi ya ga ba sarki sai Allah, ya yi dariyar yaƙe, sauran suka bi shi.

"Ku gahwarce ni," in ji Inna, "tsuhwa ce, halshe ya hwara santsi."

Sauran jawabin ban ji ko kalma ɗaya ba. Ina zaune ina ganin kaina na koma ofis har tsufa, ina buga wasiƙun neman hutu. Na sa matar da duk Arewa ke girmamawa ta zagi manya a gaban jama'a, kuma ta ɗauki laifin ta ɗora wa tsufanta don ta rufa mini asiri. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Da aka tashi na same ta ita kaɗai a barandar zauren tana jiran a samo mota. Na durƙusa.

"Inna, laifina ne. Ban yi wa shafin farko ƙugiya ba."

"Wace ƙugiya?"

"Ta baƙi, Inna. Kin karanta yadda na buga ne."

Kafaɗunta suka fara rawa don dariya. "Ke ɗiyata, kina tsammanin karatu nika yi? Kwana ukku ina hadda kamar mai shirin sauka. Takardar ga riƙo kawai nika yi, don hannu shi samu aiki. Zancen baki kau tun suna alkawali na biyu niy yanke shawara, kada ki ƙwace mini ladata."

Na ɗago ina kallonta. Ta sassauta murya.

"Shekara biyu ke nan rabona da ganin ƙugiya. Yanzu haruhwan ma sai inuwa. Likita ya ce ba mai gyaruwa ba ne. Daga shi sai maigida sunka sani, sai ke yau."

"Amma an ce kin kori mutum biyu a kan…"

"Guda aure ta yi, guda anka yi mata canjin wurin aiki. Na bar zancen shi yi yawo, don yana sa a kula."

Hawaye suka zubo mini, kuma na san ba za ta gan su ba, abin ya ƙara karya mini zuciya. Da ƙyar na tambaye ta zancen wata uku.

"Sun cika yau. Wanda ya san wanga zance ina za shi? Tashi, na ji mota ta tsaya."

Manyan suna tsaitsaye a bakin matakala suna musabaha, dole ta tsakiyarsu za mu bi. Ta laluba ta kama damtsena ta matso da kanta kusa da nawa.

"Ki yi kamar gulma muka yi," ta ce, "ba wanda za shi yi mamaki."

Muka taho a hankali, kai a haɗe. Da muka iso bakin matakalar na kai bakina kunnenta na ce, "Matakala uku ne, Inna, ta tsakiyar ta fashe." Ta kece da dariya har da dafa ƙirji, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ke dai bari! Shi da bakinai ya hwaɗi haka?" Manyan nan kowa ya shiga gyara hula, ita kuwa ta sa ƙafa a matakalar farko, tana riƙe da damtsena gam.