Baba Ja-mu-gani ya sauko daga kan lodi

Kafin a buɗe ƙofar sito da safe, Baba Ja-mu-gani ya riga ya baza bel-bel na ɗaure kaya da sarƙoƙinsa a ƙasa yana bin su da yatsa. Duk bel ɗin da zarensa ya fara tsinkewa, wuƙa yake sa masa ya datse gida biyu, don kada wani mai tausayin banza ya tsinto shi daga shara. Aikinsa ke nan tun gashinsa na baƙi wuluk: ɗaure kaya a bayan manyan motoci, da hana kowace mota fita in kayanta na rawa. Sunan kuwa direbobi ne suka laƙaba masa. Ka yi ta rantsuwa cewa ka ɗaure tamau, zai saurare ka har ka gaji, sannan ya ce, "To, ja mu gani."

Dokokinsa ba su da yawa, sai dai ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Mai nauyi a ƙasa. Abin da ke gangarawa a tokare shi da katako. Tamfol kuwa, in ji shi, riga ce, ba ɗauri ba. Wani direba mai tumbi ya taɓa ce masa, "Haba Baba, ai nauyinsu ma ya isa ya riƙe su." Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai ba ka da nauyin ne? Ran nan ba daga kan benci ka faɗo ba?" Matarsa ma ba ta tsira ba. Ta ce da aka kawo sabon firij, sai da ya ɗaure shi da bango, sai ka ce falo zai sha kwana.

Amma wannan taurin kai ya so ya raba shi da ɗansa. Ɗan ya zama direba a wurin, kuma a lodinsa na farko, bututan ƙarfe, uban ya ja bel sau ɗaya ya ce a sauke duka. A gaban 'yan dako, a gaban abokai!

"Baba, kunyata ni za ka yi?"

"Bututan nan bayan ƙeyarka suke. In ka taka birki, ba za su tambayi ɗan waye ba. Sauke."

Ya sauke, ya sake ɗaurewa, ya tafi ya dawo lafiya. Amma tun daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa su. Abin ya ci Baba a rai sosai, don ya sha faɗa wa 'yan dako cewa yana kewar hirar ɗansa. Sai dai in ɗan ya yi lodi, hannun nan ba ya jin magana, sai ya kai ga bel.

Kai ne, Baba, wanda muka nemi labarin bajintarka muka rasa, don ba abin da ya taɓa faɗowa balle a ba da labari. Masu babur da suka bi bayan motocinka sun isa gida ba su san sunanka ba. Kai ne ka yarda a kira ka mai fitina don wasu su kwana da ƙafafunsu biyu. Namijin duniya, sannu da aiki.

Yanzu gwiwa ta ce ta gaji da hawa. Ranar sallamarsa, abokan aiki suka haɗa masa kujerar hutawa mai laushi, aka ɗora a motar ɗan don a kai gida. Ɗan ya ɗaure da kansa, ya koma gefe, fuska a murtuke, yana jiran abin da ya saba. Baba ya zo daidai bel, hannunsa har ya fara tashi, sai ya kama shi da ɗayan ya cusa a aljihu. Ya buɗe ƙofa ya hau gaba.

"Ba za ka duba ba, Baba?"

"Wa ya ɗaure?"

"Ni."

"To, mu je."

Ɗan ya ce tun daga bakin sito har ƙofar gida suna hira, shi yana share ido da bayan hannu, uban kuma wuyansa a karkace, ido ƙur a madubi yana lura da kujerar. Har yau matar Baba na gasa masa wuyan da ruwan zafi.

Mun gode, Baba. Ku kuma masu lodi, ku ɗaure kamar ɗanku ne zai zauna a gaban kayan. In kuwa ɗan ya iya ɗauri, ku sa hannu a aljihu, ko da wuya zai ƙage.