Wastinah, Mai Riƙe Fuska da Haƙori

Haihuwa da Asali

An haifi Wastinah a shekarar 1938, a unguwar masunta ta garin Wanakerta da ke gaɓar arewacin tsibirin Jawa. Sunan mahaifinta Kasdun, sunan mahaifiyarta Sarkem. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya shida, amma ita kaɗai Allah Ya raya, domin sauran zazzaɓi da yunwar shekarun yaƙi suka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Mahaifinta shi ne na biyar a jerin magadan wani tsohon akwati mai ɗauke da fuskokin itace guda biyar, waɗanda ake rawa da su a bikin aure da na kaciya da na girbin shinkafa. Kowace fuska da rawarta da ɗabi'arta, tun daga fara mai natsuwa wadda ake taka rawarta kamar ba a motsi, har zuwa ja, ta azzalumin sarki mai haɗama.

Ba a ɗaure waɗannan fuskoki da igiya. A cikin kowace akwai guntun fata da aka kafe daidai baki, shi mai rawa zai ciza ya riƙe har kiɗa ya ƙare, ba magana, ba tari. Fuskar da ake ɗaurewa da igiya ta 'yan barkwanci ce. Ƙa'idar gidan Kasdun kuwa ita ce mai akwati shi zai miƙa gadon da ransa, a bainar jama'a, ya cire fuskar daga bakinsa ya ba ɗansa ko 'yarsa su ciza. Idan ya rasu bai yi haka ba, sai a ɓanɓare fatun a jefa a teku, fuskokin su koma itace kawai, ba mai sake rawa da su.

Ƙuruciya da Karatu

Ta yi karatun Alƙur'ani a ƙaramin masallacin unguwarsu, ta kuma yi shekara uku a makarantar gwamnati kafin mahaifinta ya cire ta a 1949, ya ce ta iya rubuta sunanta, ya wadatar. Daga nan horo ya kankama. Ya sa ta azumin Litinin da Alhamis, ya hana ta shan rake da cin alewar sukarin kwakwa, ya kuma hana ta taunar ganyen da matan garin ke taunawa bakinsu ya yi ja. Lokacin da sa'o'inta suka isa a goge musu haƙora da dutse su daidaita, kamar yadda ake yi wa 'yan mata kafin aure, Kasdun ya hana ƙememe. Mahaifiyarta ta yi ta mita, tana cewa wa zai auri mai haƙoran zomo.

"Zomon nan shi zai ciyar da ke in na mutu," in ji shi. Ya juya ga yarinyar, ya kira ta Nok, yadda mutanen gaɓar ke kiran 'ya mace: "Nok, buɗe baki in gani. Yauwa. Ko mijinki kar ki ba shi aron waɗannan."

Wastinah ta sha faɗa daga baya cewa ta yi kuka ran nan, kuma har ta tsufa ba ta san ɗanɗanon rake ba.

Aure da Karɓar Gado

A 1957 ta auri Tarjono, makaɗin gangar mahaifinta, mutum mai fara'a da yawan tsokana. Ya kan ce shi ya fi kowa dace a garin, tunda ya auri matar da sana'arta ta hana ta magana. Ita kuma, da yake Kang take kiransa, wato yaya, ta kan amsa masa da cewa, "Kang, jira in cire fuskar, za ka ji abin da na tara maka." Allah Ya ba su 'ya'ya biyar: Darkim a 1958, Rokayah a 1960, Sapari a 1963, wanda ya rasu yana goye, Sukaenah a 1966, sai auta Junedi a 1970.

A watan Yuli na 1961, a bikin girbi na ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, Kasdun ya tsaya a tsakiyar rawar jar fuska, ya cire ta, ya miƙa wa 'yarsa, ta ciza ta ƙarasa rawar. Bai kai damina ba rai ya yi halinsa. Shekarun da suka biyo baya ba su yi wa masu fasaha daɗi ba. Tashin hankalin tsakiyar shekarun 1960 ya sa mutane suka ji tsoron taruwa, da ƙura ta lafa kuma sai lasifika da majigi suka mamaye bukukuwa. Wastinah ta koma sayar da busasshen kifi a kasuwa, akwatin yana ƙarƙashin gado.

Kafa Bikin Rani

A 1976 ita da wani mai zane a kan gilashi, Pak Sutarja, wato Malam Sutarja, suka haɗa kan masu rini da masassaƙa da makaɗa, suka nemi izinin hukuma, suka gudanar da bikin kwana uku a filin da ke gaban babban masallaci, a cikin watan Agusta, lokacin da gonaki suka bushe, masunta kuma suke gida. Ba su da rumfa, tabarmi aka aro daga gidaje, matan unguwa suka dafa shinkafa suka naɗe a ganye suka raba kyauta. Wannan shi ne asalin Bikin Rani na Wanakerta, wanda a yau manyan mutane ke hawa mumbari suna jawabi kamar su suka haife shi.

Tun daga shekarar farko aka saba cewa ba a buɗe biki sai bayan La'asar, kuma ba a buɗe shi da komai sai da rawar Wastinah. A wannan lokaci ne gari duka ya koma kiranta Mimi, wato uwa. Ta koyar da yara da dama kyauta a tsakar gidanta, amma cikin 'ya'yan cikinta Sukaenah ce kaɗai ta jure horon. Darkim ya bi teku, Rokayah ta ce ita kunya take ji, Junedi kuwa tun yana ƙarami ya karya haƙorin gaba a kan keke. Sukaenah ta haddace raye-rayen biyar tana da shekara goma sha tara, har wasu dattawa suna cewa a rawar farar fuska ta fi uwarta.

Tafiyar Magajiya

An tsai da shawara cewa za a miƙa akwatin a bikin 1993. A watan Afrilu na shekarar mijin Sukaenah ya nitse a teku ya bar ta da yara biyu, kuma a watan Yuni ta karɓi aikin aikatau a Jidda, kamar yadda matan gaɓar nan da yawa suka yi a wancan zamani. Ran da motar ta zo ɗaukarsu, Wastinah ta fito da jar fuska a hannu ta tare ta a ƙofar gida.

"Ciza kawai, Nok. Ga maƙwabta nan sun taru, ai jama'a ce."

"Haba Mimi, a bakin titi? Kamar mai sayen gyaɗa? Shekara biyu ce fa. In na dawo mu yi shi a fili, da kiɗa, kowa ya gani."

"To, in na mutu kafin nan fa?"

"Ke? Ke da ko mura ba ta kama ki. Ki dai riƙe min."

Wastinah ta mayar da fuskar cikin akwati. Wannan shi ne ganinsu na ƙarshe.

Shekara biyu ta zama huɗu, yaran suka shiga makaranta, aka sabunta yarjejeniya, aka sake sabuntawa, daga bisani takardun Sukaenah suka ƙare, ta zama ba ta iya fita ba tare da ta rasa damar komawa ba. Babu mai adalci da zai zarge ta, domin da guminta aka yi wa gidan rufin kwano, aka kuma yi jinyar mahaifinta Tarjono har ya rasu a 1998. Amma abin baƙin ciki ne, kuma Wastinah ba ta taɓa ɓoye cewa yana cin ranta ba.

Shekarun Jira

Bayan rasuwar Tarjono ciwon sukari ya bayyana a jikin Wastinah, ita da ba ta sha zaƙi ba tsawon rayuwarta, kuma haƙoranta suka fara girgiɗa. Na farko ya faɗi a 1999. Zuwa 2002 saura uku a sama, biyu a ƙasa, da su take cizon fata, ta sauko daga dandamali da jini a haɓarta. Kwamitin biki, ƙarƙashin wani matashin ma'aikaci mai suna Pak Hendarto, ya aiko da shawara cikin ladabi cewa a sa wa fuskokin siririn zaren roba wanda ba mai gani daga nesa.

"Ɗana, ka ga na yi kama da 'yar barkwanci?" ta tambaye shi.

"Ko kusa, Mimi. Sauƙi muke nema miki."

"Je ka ɗaura wa wandonka robar, na ga yana zamewa."

Sai suka kawo shawara ta biyu, cewa ta miƙa akwatin ga ɗaya daga cikin ɗalibanta. Nan ma ta ƙi, ta ce akwatin ba nata ba ne, ajiya aka ba ta, mai shi tana hanya. Jikarta mace, 'yar Sukaenah, ta riga ta tafi aiki a masana'anta a babban birni, ba ta taɓa koyon rawa ba. Masu cewa taurin kai ne ya yi wa Wastinah yawa ba su yi ƙarya ba, sai dai ba su san abin da ake nufi da alkawari a wannan gida ba.

Bikin 2004

A farkon 2004 sauran haƙoran suka zube. Darkim da Rokayah suka kai ta wurin mai haɗa haƙoran roba, aka yi mata sama da ƙasa, ta yi wata uku tana gwada cizo da su a ɗaki, ta ce sun riƙe. Ran buɗe biki filin ya cika fiye da kowace shekara, har da baƙi daga wasu garuruwa da masu ɗaukar hoto. Ta taka rawar fuskoki huɗu lafiya. A ta biyar, inda azzalumin sarki ke fizge kai yana ƙyaƙyata dariya, ta fizge kanta kamar yadda ta saba shekara arba'in da uku, sai jar fuskar ta fice ta faɗi a kan katako, haƙoran sama suna maƙale da fatar.

Yara ne suka fara dariya, manya suka biye musu, dariyar ta zagaye filin. Ba mugunta ba ce, in ji masu kare garin, amma garin da ya ci shinkafar matar nan kyauta ya kamata ya iya riƙe bakinsa. Makaɗa suka rikice suka tsaya. Wastinah ta tsaya da fuskarta a buɗe, bakinta a lotse, ta sunkuya ta ɗauki fuskar ta goge ta da gefen zanenta, ta dubi mai ganga ta ce, "Wa ya ce ka tsaya?" Ta ƙarasa rawar tana riƙe da fuskar da hannun hagu, abin da ba wanda ya taɓa yi a gidansu.

Washegari Sukaenah ta kira ta wayar maƙwabta, labari ya riga ya kai mata. Rokayah, wadda ke wurin, ta ce uwar ba ta yi kuka ba, abin da kawai ta ce shi ne, "Nok, na riƙe iyakar riƙona. Ba ni da abin riƙewa kuma." Daga can sai shessheƙa ake ji har layin ya yanke.

Ƙarshen Rayuwa

Ba ta sake hawa dandamali ba, ba ta kuma sake taka filin bikin ba, ko da kwamiti ya aiko mata da lambar girmamawa a 2005. Daga wannan shekara aka koma buɗe biki da 'yan makaranta sanye da fuskokin takarda masu zaren roba, suna rawa da kiɗan kaset. Duk watan Agusta ta kan fito da fuskokin biyar ta shafa musu mai, ta gyara fatun, ta mayar. A 2006 idanunta suka dushe, ciwo ya ci ƙafarta ta dama, ta kwanta.

Rasuwa

Allah Ya karɓi ran Mimi Wastinah a safiyar Talata cikin watan Agusta na 2007, ana saura 'yan kwanaki a buɗe biki, tana da shekara sittin da tara. An yi mata salla bayan Azahar a masallacin unguwar masunta, aka binne ta kusa da mijinta da mahaifinta. Bayan addu'ar bakwai, Darkim ya ɓanɓare fatun nan biyar da wuƙar gyaran kifi, ya fita da su a kwalekwalensa shi kaɗai, ya jefa su a teku. Fuskokin suna rataye da ƙusa a ofishin kwamitin biki. Allah Ya gafarta mata, Ya sa ta huta.

Ta rasu ta bar jikoki goma sha ɗaya da 'ya'ya huɗu: Darkim, masunci a Wanakerta, Rokayah, mai sayar da abinci a tashar mota, Junedi, direban babbar mota, da Sukaenah, wadda ba ta samu halartar jana'iza ba, tana aikatau a Jidda. Ita kaɗai ta rage da ta iya raye-rayen gidan duka biyar, kuma alhazan garin da suka haɗu da ita bara sun ce haƙoranta suna nan garau, ko ɗaya bai faɗi ba.