Kawu Mai Usur da Zawarcin Dogo

Ku da kuka san Kawu Garba, ku faɗi tsakaninku da Allah: wa ya taɓa ganin wuyansa babu usur? Akuya ta leƙa rumfarsa ta ɗinki, usur. Mahauci ya cika masa ƙashi, usur. Ni ɗan ƙanwarsa ne, amma ranar da na kai masa amaryata gaisuwa, ta shiga zaure da takalmi, sai ji muka yi firrr! "Laifi! Koma ki sake shigowa." Baiwar Allah har yau in ɗan sanda ya busa usur sai ta dubi ƙafarta.

Tela ne fa. Ya ɗan yi zama a Kaduna, ya ga ana ƙwallon kwando, shi ke nan ya dawo Gummi ya naɗa kansa koci ba wanda ya roƙe shi. Ya samo rim biyu, ƙarafan taya na mataccen babur, ya ce su ne kwandunanmu, na gaba can, na baya nan, a filin bayan makaranta. Muka ce, "Kawu, tsayin fa?" Ya ce a kawo turmi. Ya hau, ya miƙa hannu iya ƙarfinsa.

"Nan ne. Haka na gani Kaduna."

To Kawu kuwa, Allah ya jiƙan rai, ko a kan turmin ma gajere ne.

Ƙwallo ɗaya muka yi ta bugawa har muka yi gemu. Ta sha faci wajen mai gyaran taya har ta yi ƙulu-ƙulu, ka doka ta gabas ta nufi kudu. Na ce masa, "Haba Kawu, a sayi sabuwa mana, baƙi na mana dariya."

"Kai wawa ne? Sabuwa kowa ya san inda za ta. Wagga mu kaɗai ta sani."

Abin haushin, gaskiya gare shi. Ba wanda ya taɓa cin mu a gida.

Amma ƙwallo ba ita ce jarinmu ba, Lawali Dogo ne, ɗan Inna Hajo mai ƙosai. Mutum ne da sai ya sunkuya yake shiga masallaci. A kwandon Kawu ko tsalle ba ya yi, ajiye ƙwallo kawai yake kamar mai sa tulu a kan randa. In ka cire Dogo, abin da ya rage a kulob ɗin mu ne, 'yan guntaye, da usur. Kwantiraginsa kuwa na manya: ƙwaryar fura bayan kowane wasa, da ɗinkin salla kyauta, zuwa kaka.

Kaka ta yi, kwantiragi ya ƙare, sai masu nema suka taso. Wani attajirin zinare a Anka ya gina fili na siminti, ya aiko cewa babur sabo na jiran Dogo. Mutanen Bukkuyum suka ce su rago za su ba shi. Daga teburin mai shayi har bakin kasuwa magana ɗaya ce: zai zauna ko zai tafi?

Kawu ya ce, "Dogo bazawara ce, ta gama idda. Zawarci kuma ba aikin yara ba ne." Ya zuba babbar riga, ya sayi goron da ya fi kowane ƙanƙanta a kasuwa, ya ja ni muka tafi wajen Inna Hajo.

"Garba, mi ka tahe da kai?"

"Biko na zo, Inna."

"Na Anka sun ce babur. Kai mi za ka ba shi?"

Kawu ya dubi sama, sannan ya ce da ƙyar, "Zan ƙara ludayi guda na nono."

"Ɗauki goronka," in ji Inna. "Ko akuyata ba ta yarda da wanga tayi."

Ranar da Dogo ya hau babur ɗin haya zuwa gwaji a Anka, wani ciwo da Kawu ya daɗe yana ɓoyewa ya riga ya kwantar da shi. Yana zaure, usur a ƙirji, ya ƙi ko kunu. Duk wanda ya gifta sai ya ce, "Ya dawo?" Wallahi ranar na ji tsoro, don ban taɓa ganin ya wuni bai busa wa kowa ba.

Bayan la'asar sai ga ƙofa ta yi duhu, Dogo ya sunkuyo.

"Ka sa musu hannu?"

"Ina fa, Kawu. Kwandonsu ya yi sama da yawa. Ko taɓa shi ban yi ba, dariya suka yi ta yi mini."

Mutumin da ya kasa ɗaga kai sai ga shi zaune! "Na hwaɗi! Mutanen Anka ba su iya awo ba. Zinare gare su, turmi ne babu!" Ya busa usur, ya ce a kawo kunu. Nan take ya sabunta kwantiragi, kuma ya janye ƙarin nonon. "Wanda Anka ta ƙi, farashinsa ya faɗi. Ɗinkin salla ma riga kaɗai, ƙafafunka sun cika cin yadi." Dogo ya ce ya gode.

Kawu bai ga damina ba.

A zaman gaisuwa, kocin Anka ya zo ya zauna kusa da ni. Ya hango Dogo yana raba wa mutane ruwa, ya girgiza kai.

"Wannan mutumin naku! Ya daka tsalle ya rataya a kwandonmu har ƙarfen ya lanƙwashe. Muka miƙa masa makullin babur, ya ce mu riƙe abinmu, akwai tsohon da ya bari kwance yana jiransa."

Na dubi Dogo, ya kau da kai. Ni da na zo da niyyar ba zan yi kuka ba, sai da na tashi na zaga bayan gida.

Yanzu usur yana wuyan Dogo, kwando kuma yana nan a tsayin turmi, ba wanda ya yarda a taɓa shi. Ya Allah, ga Kawu Garba nan ya zo maka da rowarsa da taurin kansa. Ka yafe masa, ka yalwata makwancinsa, ka sa ya sami masu jiransa kamar yadda ya sami wanda ya dawo dominsa. Amin.