Zabi Biyu a Tsohon Otal

A gidanmu na Daura, duk wanda zai je Kano ba a tambayarsa inda zai sauka. Gidan Goggo ne, ƙanwar mahaifinmu, da aure ya kai ta cikin birni tun kafin a haife ni. Mai zuwa asibiti, mai sayayyar biki, mai neman makaranta, kowa can yake ajiye jakarsa. Sauka a otal alhali kana da dangi a gari, a wurinmu kamar ka tsaya a kasuwa ne ka yi shelar ba ka da kowa.

Ni kuwa akwai wani tsohon otal da ya daɗe yana cina a rai, irin na zamanin Turawa, mai dogayen baranda da manyan itatuwa. Duk sa'ad da na wuce ta gabansa sai na leƙa. Na riga na yanke wa kaina hukunci cewa mutum irina, mai karance-karance, wanda har gilashi yake sakawa, ya kamata ya kwana cikin tarihi ko da sau ɗaya ne.

Da aka gayyace ni wani taron malamai a Kano sai na shirya dabara: in fara sauka otal in more, in an gama taro in bayyana a gidan Goggo da ƙurar hanya ta ƙarya. Abin da ban lissafa da shi ba shi ne mahaifiyata. Ina shirin fita tasha ta tare ni a zaure da ƙullin daddawa da zabi biyu masu rai, an ɗaure musu ƙafafu.

"Ka kai wa goggonka. Ka ce ina gaishe ta, da jiki."

Ba a cewa uwa a'a a kan tsaraba. Na karɓa.

Haka na isa ƙofar otal ɗin da na yi shekaru ina mafarki, da babbar riga ta sha guga, da kwali a hammata wanda na huda wa ramuka. Ma'aikacin da ya tarbe ni ya miƙo hannu zai karɓa, na ce ya bari, littattafai ne. Littattafan suka ɗan motsa. Ya dubi kwalin, ya dube ni, ya wuce gaba ya nuna mini ɗakina.

Ɗakin ya yi yadda nake so: rufi mai tsawo, tsohuwar fanka, gadon katako mai nauyi. Na kai zabin banɗaki, na zuba musu ruwa da ɗan gero, na ja ƙofa. Sannan na sauko baranda na nemi shayi, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ina duban tsofaffin hotunan da ke bango, ina gyaɗa kai kamar na san mutanen ciki.

Wanda ya san zabuwa ya san ba ta da sirri. Ban kai rabin kofi ba sai kuka ya tashi daga sama, kuma banɗaki ya ƙara masa amo. Baƙi suka ɗaga kai. Ni ma na ɗaga, har da tsuke fuska, wai ina mamakin irin wannan sakaci. Ma'aikacin nan ya zo ya rusuna kusa da kunnena.

"Ranka ya daɗe, littattafanka ne."

Ba shiri na tare adaidaita sahu na nufi cikin birni da kwalina, da niyyar in miƙa saƙo in zame.

Na tarar da Goggo zaune bakin ƙofar ɗakinta. Ashe tun ina tasha mahaifiyata ta buga mata waya. An share ɗakin zaure, an shimfiɗa sabon zanen gado, ga tuwo a rufe tun azahar. Ta yi ta sa albarka, ta taɓa zabin ta ce sun yi ƙiba. Sai ta dubi hannuna, ta dubi bayana.

"Ɗan nan, ina jakarka?"

Na yi ta kame-kame, taro ne, masauki ne na kusa da wurin taro. Ƙarshe dai kalmar otal ta fito. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta gyara bakin mayafinta.

"Ubanka a ɗakin nan yake sauka in ya kawo dabbobi, har Allah Ya karɓi abinsa. Ko da yake na sani, ɗakin ya tsufa. Ku 'yan zamani sai sabon wuri."

Kunya ta rufe ni, tausayinta kuma ya kama ni. Ta yaya zan gaya mata tsufan ne ya kai ni can? Na miƙe na koma otal na ɗauko jakata. Tsohon gadon nan ko zama ban yi a kansa ba.

Da yamma aka yanka zabuwa ɗaya. Goggo ta zuba mini cinya, kuma duk maƙwabciyar da ta shigo sai ta nuna ni ta ce, "Ku gaisa da baƙon otal." Sunan ya riga ni isa Daura, har yau ƙannena ba su sake shi ba.

Bara Goggo ta rasu, 'ya'yanta suka ba da hayar gidan. Yanzu in na je Kano otal nake sauka, wani lokacin ma a wancan tsohon. Na samu abin da nake so. Ina shiga a karɓi jakata da ladabi a kai ɗaki, amma duk faɗin garin babu mai tambayata inda na baro ta.